Kilo Biyu da Ɗari Huɗu

Mu gidanmu gajeru ne, kaf ɗinmu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, in ya shiga sahu a masallacin ƙauyenmu can wajen Matamai, sai an idar da salla kake ganin inda ya tsaya. Mahaifiyarmu ta ɗara shi da ɗan yatsa biyu, kuma har gobe tana gori da yatsa biyun nan. Ni da aka kawo ni Arlit ina amarya, matan kartiyenmu, wato unguwarmu, sun ɗauka ƙanwar amarya ce ta yo rakiya, suna ta tambayata ina yayar tawa. Ƙanena, wanda nake so in ba da labarinsa, ya fi ni tsawo, amma ba abin da za a kai kasuwa ba ne.

Shi ya sa ranar da matarsa ta haihu, da hantsi a matarnite, asibitin haihuwa, da na buɗe zanen na leƙa jaririn, dariya ce ta fara zo mini. Namiji ne, ɗan firit, jajir, yana tsala kuka kamar wanda aka ƙwace wa abu. Na ce, "To sannu da zuwa. Wannan dai namu ne, ba a musanya mana ba." Ungozoma ta ɗora shi kan ma'auni, ta rubuta a karne, ɗan littafin nan da ake bin lafiyar yaro da shi: kilo biyu da giram ɗari huɗu. Sannan ta ɗauki jan bik ta zagaye lambar. Haka suke yi wa duk wanda bai kai biyu da rabi ba, don su riƙa sa masa ido. Ni ko a jikina, don biyu cikin 'ya'yana an zagaye musu.

Amma ba ni kaɗai ce a ɗakin ba. Akwai uwar mai jegon, wadda duk muke kira Inna. Daga wani ƙauye kusa da Tawa ta zo, sati biyu kafin haihuwar, don ta yi wa 'yarta wankan jego. Inna mace ce ƙatuwa, doguwa, in ta tsaya a bakin ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. 'Yar tata kuwa ba ta ɗauko ta ba ko kaɗan, ubanta ta biyo, wani ɗan siririn dattijo mai sayar da albasa. Ni da yarinyar nan kafaɗarmu ɗaya. Inna ba ta karatu, amma ja ta san ja. Ta karɓi karnen tana juya shi, ta ce, "Mi ya sa aka sa mishi ja?"

Kafin in buɗe baki, wata mata da ke zaune kusa da gadon da ke gefenmu, mai jinyar wata ce, ba mu san ta ba, ba ta san mu ba, ta miƙo wuya ta dubi jaririn ta ce, "Uban nasa ina yake aiki?"

Na ce, "Gyaran moto yake yi a bakin tasha."

Ta ce, "Da can fa?"

Nan take na gane inda ta dosa. Mai jegon ce, a galabaice, ta amsa daga kwance, "Akokan. Cikin rami."

Matar ta ce, "Ayya." Ta koma ta ci gaba da fifita 'yar'uwarta. Wallahi da zan sake ganin matar nan, da na tambaye ta abin da muka yi mata.

Ga wanda bai san garinmu ba, ramin Akokan shi ne inda ake shiga can ƙarƙashin ƙasa a haƙo dutsen uraniyom. Ƙanena ya yi shekara goma sha ɗaya yana sauka cikinsa da hular ƙarfe mai fitila a goshi. Da aka rufe ramin ya buɗe ɗan garejinsa na gyaran babura, sannan ya yi aure, bayan na gaji da yi masa magana, don ya haura talatin da biyar. Ni ban ce babu komai a ramin ba. Na fi shekara ashirin a garin nan, na je gaisuwar mazan da suka yi ta tari har suka kwanta, kuma ban san abin da ya kashe su ba, ba ni da ilimin. Amma a Arlit in akuya ta yi ɓari, rami ne. In tumatir ya ƙi girma a garka, rami ne. In yaro ya kasa karatu, ubansa ya yi rami. Abin ya zama ba mai neman wani dalili kuma, ko da dalilin na tsaye a gabansa da zani ɗaure a ƙirji, tsawonsa bai kai kafaɗar ƙofa ba.

Tun farko an yi da Inna cewa a Arlit za a yi wankan, kwana arba'in, ta gama ta koma. Ni da kaina na aro ƙatuwar tukunya, na nemo ganyen dogon yaro, na sa aka daka kanwa don kunu. Kwana uku da haihuwa sai Inna ta ce ta canza shawara, ana gama suna za ta tafi da 'yarta gida. Wai Arlit ba itace, ruwan wanka da aka dafa da gas ba ya shiga jikin mai jego. Ban ji daɗi ba amma na haɗiye, haihuwar fari ce, uwa tana da iko ta kai 'yarta gida wanka, kowa ya san haka.

Sai da na shiga ɗakin washegari na ga abin da ake ɗaurewa. Mai tafiya wanka zannuwa take ɗauka da kayan jariri. Inna kuwa ta sauko da kwallaye daga kan kabad, ta jera tukwane cikin buhu, ta naɗe keken ɗinkin yarinyar cikin bargo ta ɗaure da igiya.

Na ce, "Inna, har da keke? Mai jego ɗinki za ta yi?"

Ta ce, "Ɗiyata ce, kayanta ne."

Na ce, "Kwana arba'in ne fa."

Ta dakata da ɗaurin ta dube ni daga sama, don ba yadda za ta dube ni in ba daga sama ba. Ta ce, "Tara na haifa. Babu wanda na taɓa ɗauka da hannu guda. Jinjirin ga kuwa ko kaza ta fi shi. Jinin mijinta ya sha rami. Ba ni barin ta ta sake ɗaukar cikinshi, in zo in ishe abin da ya fi wanga muni."

Yarinyar na zaune a bakin gado tana shayarwa, hawaye na ɗiga kan zanen jaririn. Nan na gane ba maganar wanka ake ba. Auren ƙanena ake ɗaurewa cikin buhu, a gabana.

Na koma gida raina a ɓace, na zazzage akwatina. 'Ya'yana biyar, huɗu ina da karnensu, sun yi yaushi, wani ma ɓera ya ci gefensa, amma lambobin na nan. Biyu da ɗari shida. Biyu da ɗari huɗu. Biyu da ɗari bakwai. Biyu da ɗari uku. Maigidana direban kamyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Assamaka, bai taɓa sa ƙafarsa cikin rami ba, ko bakinsa bai sani ba. Na ce yau Inna za ta ga takarda. Na je na baje su a kan tabarma gabanta, na karanta mata ɗaya bayan ɗaya, na nuna mata jan da aka zagaye wa biyu. Na ce mai ɗari ukun nan ita ce budurwar da ta kawo miki tuwo jiya, wadda kika ce a rage mata ci.

Inna ta saurare ni har na gama, ban taɓa ganin ta yi haƙuri haka ba. Sannan ta ce, "Ina kika haife su?"

Na ce, "Nan Arlit."

"Ruwan ina kika sha da cikinsu?"

Na ce, "Na pampo, kamar kowa."

Ta ce, "To kin gani. Ashe ba ramin kaɗai ba ne, garin ne duka."

Ni da na kawo shaida, sai ga shi na ƙara mata makami. Wanda zai fitar da ni shi ne ɗana na fari, don shi a ƙauye na haife shi, a aurena na fari, kafin in san akwai wani gari wai shi Arlit, kuma ya fi su duka ƙanƙanta. To amma a kan tabarma na haife shi, kakata ta yanke cibi, ba wanda ya auna shi, ba wanda ya rubuta. Na faɗa wa Inna haka, ta ce, "Uhum," irin uhum ɗin da ake yi wa yaro mai ba da labarin mafarki. Na kwashe takarduna na fita.

Ban haƙura ba. Kwana biyar da haihuwa aka mayar da jaririn awo, na lallaɓa Inna ta biyo mu. Ungozomar da ta karɓi haihuwar ce muka tarar, wata dattijuwa mai gilashi, ta daɗe tana aikin. Na ce mata don Allah ta yi wa Inna bayani. Ta sa mai jegon ta tsaya jikin bango inda aka zana ma'aunin tsawo, ta duba, ta buɗe takardar awon cikinta ta ga nauyinta. Ta ce, "Inna, dubi 'yarki. Ɗa a ciki gwargwadon uwarsa yake girma, ita ce ɗakinsa. Ƙaramar mace yawanci ƙaramin ɗa take haifa, musamman na fari. Uba ma yana da nasa rabo, in shi ma ƙarami ne sai abin ya haɗu. Yaron nan watanninsa sun cika, yana kama nono da ƙarfi, kukansa lafiya lau. Jan nan don mu riƙa duba shi ne kawai."

Na ji kamar in rungume ta. Na dubi Inna ina jiran ta sauko.

Inna ta gyara mayafi ta ce, "Malama, ke musulma ce. Kina iya rantse mini ba ramin ba ne?"

Ungozomar ta cire gilashinta ta goge. A zuciyata ina cewa rantse mana baiwar Allah, me zai ci ki. Ta ce, "Inna, ba zan rantse kan abin da ba ni da na'urar aunawa ba. Abin da na gani na faɗa miki. In da 'yata ce, ba zan damu ba."

Shi ke nan. Duk bayanin ɗaki da uwa da uba Inna ta bar shi nan kan tebur, ta ɗauki "ba zan rantse ba" ta ƙulle a bakin zaninta. Na san gaskiya matar nan ta faɗa, kuma na ji haushinta kamar ta zage ni.

Duk wannan abin da ake yi, ƙanena bai ce komai ba. Yakan shigo da safe ya gaida Inna daga bakin ƙofa, ya ajiye nama da gawayi, ya wuce gareji. Bai ɗauki yaron ba ko sau ɗaya, ko leƙa fuskarsa ban ga ya yi ba. Ban ga laifinsa ba, don mu can gida haka aka tashe mu, ɗan fari akwai kunya, uba ba ya ɗaukarsa gaban mutane, ba ya kiran sunansa, balle ga suruka zaune a ɗaki. Har daɗi na ji, na ce yaron nan duk zamansa cikin 'yan boko bai yar da tarbiyya ba. Na ce masa, "Kai dai yi shiru, bar ni da ita." Ya ce, "To, Yaya."

Aka yi suna, aka yanka rago, washegari da safe muka raka su tasha. Shi da hannunsa ya miƙa keken ɗinkin saman mota. Na ja shi gefe na ce, "Kai wane irin mutum ne? Ka ce keken ya tsaya mana." Ya ce, "Bar su, Yaya." Motar ta tashi, yarinyar na kallonsa ta taga, shi yana kallon tayoyin.

Kwana arba'in suka cika, har da ɗori. Ina waya da yarinyar kusan kullum. Can Tawa ma ana kai yaron awo, kuma yana ta hawa. Ta turo mini hotonsa, kumatu sun fito, wuya ya yi ninki. Sai wata rana da azahar ta kira ni ta ce, "Yaya, Inna ta sauko." Ashe baban nata ne, ɗan siririn dattijon nan da ba a jin muryarsa a gida, ya ɗauki jikan ya tsaya gaban matarsa ya ce ta dube shi da kyau, shi wane rami ya shiga. Dangi suka yi ta dariya, Inna ta yi fushi kwana biyu, sannan ta ce to, in mijin ya zo da kansa, ya ɗauki matarsa.

Ko mayafi ban gyara ba na nufi tasha. Na same shi tsugune gaban wani moto, na faɗa masa. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya ce bari ya gama ayyukan da ke hannunsa. Sati ya wuce. Ya ce hanyar Agadas ta lalace, motoci na kwana a daji. Wannan ba ƙarya ba ce, kowa ya san hanyar, amma a kanta aka tafi da su. Wani satin ya ce mai taya shi aiki ya yi tafiya. Yarinyar in ta kira ni, sai in ce mata hanya ce, ki ƙara haƙuri. Na faɗa mata haka sau huɗu, har na fara jin kunyar muryata.

Ranar da yaron ya cika wata uku na je garejin da niyyar ba zan tashi ba sai da magana. Na kori wani mai kabu-kabu da ke jiran a ɗaure masa birki, na ce ya dawo anjima. Na zauna kan wata tsohuwar taya na ce, "Na yi faɗa da surukarka, na zubar da girmana gaban ungozoma, na zama maƙaryaciya wajen matarka. Yau ka gaya mini abin da ya hana ka tafiya."

Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Sannan ya ce, "Yaya, ni na ce wa Inna ta tafi da keken."

Na ce, "Ka ce me?"

Ya ce, "Tun daren farko ta tambaye ni ko ramin ne, na ce mata ita ke da gaskiya. Kin ɗauka kunyar ɗan fari ce ta hana ni ɗaukarsa? Tsoro nake ji. In na dube shi sai in ga ni na yi masa."

Na ce, "Ka yi masa me? Yaron da ya fi ka ƙiba yanzu?"

Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya, Yaya. Ke kin san abin da ke jikina? Ni ban sani ba. Cikin waɗanda muka riƙa sauka tare, biyu suna kwance. Kin yi ta faɗa na ƙi aure, kin ɗauka rowa ce. Da na ga jan bik ɗin nan na ce to, ga shi ya fito."

Na ce, "Kai, ina da shekara tara aka haife ka. Ina tsaye a bakin ɗaki. Wallahi tallahi ɗanka ya fi ka girma ranar da ya zo duniya. Goggo ta ce kada a saya maka riga tukuna sai an ga ko za ka kwana. Wane rami ka shiga a cikin uwarmu?"

Ya ɗago ya dube ni, idanunsa jajir. Ya ce, "An auna ni?"

Na ce, "Wa zai auna ka a ƙauye?"

Ya ce, "To kin gani."

Na yi zagi a ranar, zagin da ban taɓa yi masa ba tun yana yaro. Na ce ya je likita a duba shi mana, ya ce an duba su lokacin da aka rufe ramin, an ce lafiya, amma wa ya san abin da ba a gani ba. Na ce to ungozoma fa, ya ce ai ta ƙi rantsewa. Ashe har wannan Inna ta kai masa. Na ce to ko da gaskiyarka ce, yaron nan an riga an haife shi, uba yake buƙata. Ya ce, "Wannan ya zo da rai, na gode wa Allah. In na dawo da ita, za ta sake haihuwa. Na biyun fa?" Ya juya ya ɗauki sifana, mai kabu-kabun ya dawo yana tsaye yana kallonmu, dole na tashi.

Na yi ta fama da Inna, ina kwasar takardu, ina jan tsohuwa zuwa matarnite, ashe wanda ya kamata in zaunar yana nan kusa da ni yana cewa "To, Yaya." Da na san haka tun ranar farko, da na ɗauki yaron nan na danƙa masa a hannu gaban Inna da kowa, kunya ta ci kanta.

Bayan la'asar yarinyar ta kira. Ina jin yaron a kusa da wayar yana gwalantu. Ta gaishe ni, ta tambayi yara, sannan ta ce, "Yaya, har yanzu hanyar ce?"

Na ce, "Ba hanya ba ce."

Na faɗa mata komai, ban rage ba. Na zaci za ta yi kuka, ba ta yi ba. Ta ce, "Dama na yi zato. Bai taɓa cewa in turo masa hoton ba." Ta ja numfashi ta ce, "Yaya, ni ba zan zauna a gidanmu da aure a kaina ana nuna ni ba. Ki ce masa ko ya zo ya ɗauke mu, ko ya aiko mini da takardata. Duk wanda ya zaɓa, na yarda."

Na ce zan faɗa masa. Yau kwana tara ke nan, kullum sai na bi ta bakin tasha na hango shi tsugune gaban moto, in wuce. Ban isar da saƙon ba, don na san wanda zai zaɓa.